Gwanda Bakwai a Cikin Yaji

Na rantse da kabarin kakata, ko na dafa Littafi Mai Tsarki da hannu biyu ba za ku yarda da wannan labari ba. Ni ma da abin ya faɗa wa, wata rana in na tuna sai in ce kai Linval, rage ƙarya. To amma shaidu sun fi ɗari, kuma duk cikinsu babu mai ƙaunata, sai ku je ku tambaya.

Linval uwata ta sa mini, amma daga ƙauyenmu har kasuwar Port Antonio, Furofesa ake ce da ni. A aji biyu na bar sakandare, saboda na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Su kuma suka ce wai kaguwar da hedimasta ya tsinta a aljihun kwat ɗinsa ce sanadi. Kowa da irin tarihinsa. Tun daga nan nake zaune a ɗakin baya na gidan Anti Vernice, ƙanwar uwata, ina cin abincinta sau uku a rana, ni kuma ina saka mata da shawarwari.

Shekarar da za a aurar da 'yarta Merlene, Anti ta yi wata goma sha huɗu tana kiwon alade guda da ɓawon ayaba da dusar kwakwa, har ya kai in ya kwanta sai an taya shi tashi. Duk saboda uban ango ne, wani Mista Pinnock daga St. Elizabeth, tsohon duba-gari, wanda ya aiko da wasiƙa wai ya sha jin mutanen yankinmu na Portland suna cika baki da gasasshen haƙarƙari, zai zo ya gani ko bakin ne kawai. Anti ta karanta wasiƙar nan sau uku, ta ninke ta, ta ce, "Zai ci har ya nemi gafara."

Gashin biki kuwa a garinmu na mutum ɗaya ne, Maas Eustace. Shekara arba'in yana bakin ramin gasa nama, hayaƙi ya busar da shi kamar bandar kifi, kuma ko matarsa ba ta san abin da yake zubawa a yajinsa ba. Ni da shi akwai jiƙaƙƙa. Wata Asabar na ɗanɗana namansa a gaban jama'a, na ce ba laifi, amma da saura. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Furofesa, kai ko ruwan zafi aka ba ka ka dafa, sai ya ƙone." Har masu buga domino suka bar wasa suna dariya. Na haɗiye maganar, amma ta tsaya mini a wuya.

Sai na shirya dabara. Na sami Anti tana tsince wake, na zauna da fuskar tausayi.

"Anti, kin ji abin da ya sami Maas Eustace? Kingston zai tafi ganin likitan ido, daidai satin biki."

Ta saki tiren. "Wayyo Yesu! Aladena fa?"

"Kwantar da hankalinki. Ya ja ni gefe, ya ce Linval, duk garin nan kai kaɗai ne mai kai, ya damƙa mini sirrin yajin kaf. Amma kada ki yi masa zancen, kunyar idon yake ji."

"Kai ya damƙa wa?"

"Ni."

"Kai ɗin da ka soya ƙwai da kananzir?"

"Gwaji ne, Anti. Haka ilimi yake ci gaba."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan yayata ne kai, shi ya sa nake haƙuri. Amma in ka kunyata ni a gaban mutanen St. Elizabeth, wallahi kaji zan zuba a ɗakin nan, kai kuma ka nemi inda za ka riƙa ba da shawara."

Daga nan na zarce gidan tsohon, na same shi yana faskare.

"Maas Eustace, Anti ta ce kada ka wahalar da kanka. Dangin ango 'yan gayu ne, ta ɗauko kuku daga wani otal a Ocho Rios, mai doguwar farar hula."

Sai ya kai wa icen wani sara da ya fi ƙarfin icen. Na san halinsa, in ya yi fushi da gida sai ya shekara bai bi ta ƙofarsa ba. Ka ga na toshe rami ta baki biyu.

Saura sirrin. Ranar Laraba da hantsi na tsuguna a bayan shingensa, ina leƙe ta kafa. Ya soya 'ya'yan fimento, wani kayan ƙamshi mai kama da masoro, a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ya zuba a turmi. Ya bi su da attarugu, lawashin albasa, ganyen tayim, citta, tafarnuwa, gyaɗar ƙamshi, gishiri. Na ce af, wannan ne ake yi mana kuri da shi? Ai kowace tsohuwa ta san wannan. Can sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsinko ɗanyar gwanda guda daga bishiya, ya shige bukka da ita ya ja ƙyaure. Na ce yauwa, ga inda aka binne kuɗin.

Ashe a kan gidan cinnaku na tsuguna. Kafin in farga sun yi mini sansani a wando. Na yi tsalle na faɗo kan hanya, ina dukan cinyoyina, sai ga Miss Icilda mai kanti, kwando a ka. Matar nan in ta buɗe baki ko ƙuda ba ya wucewa lafiya.

"Furofesa, kashi kake yi a shingen mutane ko bincike?"

"Nazarin ƙwari nake, Miss Icilda."

"Na ga su ma suna nazarinka."

Na bi ta ina susa. "Don Allah, ɗanyar gwanda me take yi wa nama?"

"Laushi mana. Wannan ko jaki ya sani. Sai dai ɗan kaɗan ake..."

"Ya isa, ba lacca na zo sauraro ba."

Lissafin ai a fili yake. In gwanda ɗaya ta sa ana kiran tsoho gwani, bakwai me za su mai da ni? Shi da bai taɓa shiga aji ba, ina zai san ninkawa?

Juma'a da safe aka yanka alade. Cinyoyi da kafaɗu Anti ta sa aka ajiye don walimar Lahadi, ni kuma aka jibge mini haƙarƙari ɓari biyu a baho. Na kafa turmi a tsakar gida inda masu kafa rumfar biki za su gan ni. Fimento na soya shi har ya yi baƙi, don ƙamshin ya fito sosai. Attarugu na ƙirga tamanin.

Anti ta leƙo daga kicin. "Tamanin? Biki muke ko yaƙi?"

"Mutanen St. Elizabeth sun raina mu, Anti."

"To shafa mai a hannunka kafin ka taɓa su."

"Mai na masu hannun jarirai ne."

Na tsattsaga su da farce, na zuba, na hau daka. Rana ta take, gumi ya gangaro mini ido, na sa hannu na share. Jama'a, na ga kakata. Na gan ta ƙiri-ƙiri, tana miƙo mini hannu daga lahira. Na ruga ina lalube, na ci karo da sandar rumfa, rumfa ta rufta a kan mutum uku, ni kuma na tsoma kai cikin duron ruwan sama har kafaɗa. Da na ɗago, sai na ji Dikin Lascelles, dattijon cocinmu kuma shugaban masu kafa rumfa, yana magana daga ƙarƙashin ganyen kwakwa, irin maganar da ba a koyar da ita a coci.

Ba a nan ta tsaya ba. Ruwan da na haɗiya a duro ya nemi hanyar fita, na zaga bayan gida, kuma hannun nan dai shi ne hannun. Ba zan faɗi sauran ba saboda akwai mata a cikinku. Abin da kawai zan ce, ban san lokacin da na isa rafi ba. Na zauna cikin ruwa har ƙugu, da wandona da komai, mata masu wanki suna kallo. Ko da na duba, ga Miss Icilda a kan dutse tana matse zani.

"Yau kuma nazarin kifi ake?"

"Baftisma nake sabuntawa."

"Daga ƙasa ka fara? Da kyau, ai nan zunubin ya fi yawa."

Awa guda na yi a ruwan nan. Amma namiji ba ya fasa aiki don ƙaramin rauni. Na dawo ina tafiya kamar agwagwa, na kakkaɓo gwanda bakwai daga bishiyar Anti, ɗanyu shar, farin ƙaro na tsattsafowa daga jikinsu. Na goge su da ɓawonsu da komai, na juye a turmi. Na ƙara rabin kwalbar giyar ram, ɗaya rabin na sha saboda jinya. Na caccake haƙarƙarin da wuƙa, na cusa yajin a kowace kafa, na lafta sauran a sama har ba a ganin nama. Sannan na kai bahon kantin Miss Icilda, don ita kaɗai ke da firij a unguwar, firij ɗin da ba ya sanyi sai in an yi ruwan sama.

Da safen Asabar na je ɗauka. Na danna naman da yatsa, yatsa ya nutse har gaɓa ta biyu. Daɗi ya kama ni.

"Miss Icilda, zo ki ga laushi. Tsohon nan ya taɓa yin irin wannan?"

Ta leƙa, ta yamutsa fuska. "Wannan nama ne ko kunun masara?"

"Hassada dai ba ta kai mutum ko'ina."

"Gwanda nawa ka sa?"

"Sirrin sana'a ne."

Ta dube ni, ta dubi bahon, ta ce, "Bari in je in goge rigata. Yau ko da ciwon ƙafa sai na zo bikin nan, kuma kujerar gaba zan zauna."

Na haƙa rami a gefen rumfa, na ƙona icen fimento har ya zama garwashi, na jera ɗanyun sanduna a kai. Da hannu biyu da faranti na ɗora haƙarƙarin, don in ka ɗaga shi ta gefe ɗaya sai ya nemi rabuwa. Na rufe da tsohon kwanon rufi, na ɗora duwatsu. Dikin Lascelles, da ƙulu a goshi, ya ce in riƙa leƙawa ina juyawa. Na ce masa mai shakkar aikinsa ne yake leƙe.

Gaskiya ƙamshi ya tashi. Ko maƙiyana sun yarda da wannan. Da rana ta raba aka dawo daga coci, amarya da ango a gaba, mata ɗauke da kek lulluɓe da farin leshi. Mista Pinnock ya sauko daga mota, gajere mai tumbi, hancinsa na motsi kamar na zomo. Kafin ya zauna sai da ya shafa tebur da yatsa ya duba.

"Wane ne mai gashin?"

Na fito da farin ƙyalle a kafaɗa. "Ga shi a gabanka, yallaɓai. Furofesa Linval."

"Furofesan me?"

Daga kujerar gaba Miss Icilda ta ce, "Na ƙwari da kifi."

Ana cikin jawabai, ina tsaye bakin rami, sai na ji wani sauti daga ƙarƙashin kwano, cuuu, cuuu, kamar ana zuba ruwa a wuta. Hayaƙin da yake fari ya fara komawa baƙi. Na ce kitse ne yake gaisawa da garwashi. Ina ɗaga kai kuma, me zan gani? Maas Eustace ne ke shigowa, cikin baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita. Na tare shi da sauri.

"Maas Eustace! Ai na ɗauka fushi kake."

"Fushi nake. Na zo ganin mai doguwar hula ne. Yana ina?"

"Ya... ya zaga."

"Zan jira shi."

Ya ja numfashi ta hanci sau biyu, ya dubi ramin, ya dube ni.

"Yaro, naman nan a kan wuta yake ko a cikin wuta?"

Kafin in ba shi amsa Anti ta buga cokali a kwalba, ta ce jama'a su matso, yau baƙinmu za su san Portland. Ba ta hangi tsohon ba saboda na tsaya a gabansa. Mutane suka kewaye ramin da faranti a hannu, Mista Pinnock a gaba, ya soke adiko a wuya. Na ce a raina ko me ke nan, ƙamshi ba ya ƙarya. Na gyara murya.

"'Yan'uwa maza da mata, abin da za ku gani yanzu, ba a taɓa ganin irinsa a tsibirin nan ba."

Na ture duwatsu, na ɗaga kwano.

Ban yi ƙarya ba kuwa. A kan sanduna ƙasusuwa ne jere reras, farare tas, kamar kwarangwal ɗin kwalekwale. Ko tsokar da za a ba kyanwa babu. Naman kaf ya narke ya zurare ta tsakanin sanduna, ya taru a ƙasan rami ya kashe rabin garwashin, ya zama wani baƙin taɓo yana tafasa yana fitar da ƙwai-ƙwai.

Mista Pinnock ya sa tabarau, ya sunkuya, ya ɗauki ƙashi ɗaya ya juya shi.

"Shekara talatin ina duba mahauta," in ji shi, "ban taɓa ganin ƙashi mai tsabta irin wannan ba. Madam, ina taya ki murna. Naman kuma sai yaushe?"

Na ce, "Karnuka ne! Na rantse na ga baƙin karen Dikin yana shawagi a nan!"

Miss Icilda ta miƙe tsaye. "Karen da ya ɗaga kwano, ya cinye nama, ya jera ƙashi, ya mayar da duwatsu? A kai shi sakandare ya ƙarasa maka ajin da ka bari."

Dariya ta ɓarke, har dangin ango na riƙe ciki. Merlene ta fashe da kuka cikin mayafinta. Anti kuwa ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Idonta ya sauka a kan Maas Eustace, wanda ya tsuguna ya lakaci taɓon da tsinke yana shinshinawa.

"Maas Eustace? Har ka dawo? Yaya idon?"

"Wane ido?"

"Na Kingston. Likita."

"Miss Vernice, idona ras yake, ga shi ina ganin abin da kukunki na Ocho Rios ya aikata."

"Wane kuku?"

Suka dubi juna. Sannan suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma ban taɓa sanin ƙurewar tana zuwa da sauri haka ba.

"Gwanda nawa?" in ji tsohon.

Na hau kallon sama.

"Na ce nawa?"

"Bakwai."

"Tun yaushe?"

"Jiya da rana."

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar a bakin kabari. "Ɗan yanki nake gogawa, kamar faɗin farce, ga tsohon alade mai tauri, kuma sai wuta ta kama nake shafawa. Wannan alade kuwa ko jariri zai iya tauna shi. Allah ya ji ƙan dabbar nan, sau biyu aka kashe ta."

Na ga babu sauran zama, na juya zan arce. To amma aikin attarugun jiya bai sake ni ba, gudun agwagwa nake. Taku huɗu Dikin Lascelles ya cafke ni ta ƙugun wando, kuma na ji a riƙon nan bai manta rumfa ba.

Maas Eustace ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya ce a fito masa da cinyoyin walimar gobe, a aika gidansa a ɗauko kwalbar yajinsa, a ba baƙi farfesun akuya su riƙe ciki na awa biyu. Mista Pinnock ya ce zai jira, don yanzu ya ga mai kama da mai gashi. Ni na ɗauka an manta da ni ke nan. Ina!

Anti ta sa aka kawo shebur, aka kwashe baƙin taɓon nan kaf aka cika baho. Ta sa aka ajiye ƙaramin tebur a tsakiyar rumfa, aka zaunar da ni, ta ɗibo ludayi biyu ta zuba mini a faranti, ta dasa cokali a ciki, cokalin ya tsaya cak. Sannan ta tsaya a kaina da taɓarya.

"Wata goma sha huɗu na yi ina ciyar da aladen nan, kuma a gidana ba a zubar da abinci. Yau za ka ci, gobe za ka ci, jibi za ka ci, har bahon nan ya ga ƙasa. Ranar da ka bar loma ɗaya, ranar kaji za su tare a ɗakinka."

"Anti, attarugu tamanin ne fa a ciki."

"Ni na ƙirga su?"

Na dubi bahon, na tuna gadona da abinci sau uku a rana. Na ɗauki cokali na kai baki. Toka, ɗaci, gawayi, sannan wuta ta biyo baya ta fito mini ta kunnuwa. Hawaye suka zubo har haɓa. Jama'a suka zagaye ni kamar masu kallon biri a kasuwa. Mista Pinnock ya sunkuyo da tabaransa.

"To Furofesa, yaya ka ji shi?"

Na haɗiye da ƙyar, na share ido da gwiwar hannu, don wannan darasin dai na koye shi.

"Ba laifi," na ce. "Gishiri ne ya ɗan yi kaɗan."

Anti ta ɗaga ludayi ta ƙara mini biyu.